Dutsen da Aka Tsamo Daga Ruwa

Ranar da matar Tsintau ta kawo masa dutsen a asibiti, da kwalliyarta ta zo. Ta shafa turare, ta ɗaura ɗankwalin da ba ta ɗaurawa sai za ta unguwa, ta shigo ɗakin maza rungume da kwali kamar wadda ta ɗauko jaririn wani. Shi yana kwance a gadon da ke jikin taga, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ga roba a hanci, baki ya karkace. Magana kuwa, tun ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo ta tafi. Yana ji, yana ganewa, kalmomi na nan ras a cikin kansa, amma in ya turo su baki sai su fito gurnani.

"Baban yara, buɗe ido ka ga wanda ya zo gaishe ka," in ji ta. Ta ajiye kwalin a kan lokar gefen gado, ta yaye auduga a hankali.

Da Tsintau ya ga abin da ke ciki, ya zabura har sai da gadon ya yi ƙara.

Tsintau ba sunan yanka ba ne, a wurin aiki ya samo shi. Mai huda dutse ne a wani ƙaton rami da ake fasa baƙin dutse ana niƙa shi tsakuwar titi. Shi ke hudawa, abokinsa Mai Nakiya ya ɗura, a busa jiniya, kowa ya ruga, dutse ya tashi. To baƙin dutsen nan yana da aljihuna a cikinsa, wani kamar ƙwarya, wani mutum na iya zura kai da kafaɗa. In nakiya ta buɗe su sai ka ga ikon Allah: furannin dutse masu ƙyalli, a wurin da rana ba ta taɓa leƙawa ba. Akwai masu ruwan goro a ɗaure kamar dami, akwai kore shar masu kusurwa kamar an yanka kwalba, akwai farare siri-siri waɗanda numfashi ma karya su yake yi. Masu ilimin abin, da kan zo jefi-jefi, ziyolait suke ce wa dangin. Ma'aikata furen dutse suke cewa, su bar mota ta kwashe zuwa injin niƙa. Shi kaɗai ne, ƙura ba ta gama kwanciya ba, za ka hango shi da bokiti da guduma da cizal yana rige-rige da motar kwasa. Aka yi ta masa dariya, sunan ya bi shi.

Ya iya abin, kar a tauye masa. Ba ya taɓa bugun kusa da fure. Sai ya cusa tsumma a aljihun ya cika shi, ya ja baya taki guda, ya sassaƙa kewaye da haƙuri har uwar dutsen ta saki da furenta a kai. Da haka ya cika ɗaki guda a gidansa, kanta bisa kanta. Ɗakin kullum a kulle, makulli a aljihun wando. Kuma duk shekarun nan abin da matarsa ta samu daga bakinsa game da ɗakin bai wuce, "Ke dai kar ki shiga, kar ki taɓa." Dalili? Babu. Mutum ne mai ƙunshe baki, kuma wallahi halin nan bai taɓa amfanar kowa ba. Ita ma ta gaji da tambaya, ta koma cewa da ɗakin da kabari duk ɗaya ne a wurinta.

A cikin duwatsun nan akwai ɗaya da ba a kan kanta yake ba. Ranar da nakiya ta buɗe aljihunsa, ruwa ne ya fara tsiyayowa daga ciki. Tsintau ya haska tocila, ya ga wasu dogayen takubba masu ruwan hoda sun tashi kamar yatsun hannu, koren fure na zaune a tsakaninsu. Irin nan suna ganinsa lokaci-lokaci, amma ba ya kwana biyu. A ruwa ya girma, ruwa ne ke riƙe da jikinsa, in ya sha iska sai ya yi fari ya koma gari. Tsintau ya tuɓe rigarsa ya jiƙa ya naɗe shi, ya nutsa a bokiti, ya tako da ƙafa har gida don kar mota ta jijjiga shi. Ya samo kwalba mai faɗin baki, ya yanka robar taya ya yi wa murfin liƙi. Tun daga nan, ruwan da aka tafasa ya huce yake canja masa, bai taɓa bari iska ta shafe shi fiye da ɗagawa da mayarwa ba. 'Ya'yansa sun girma sun watse, haƙoransa sun zube, dutsen na nan da ruwan hodarsa kamar jiya aka ciro shi.

Shi ne yau a cikin kwali, a kan auduga, a bushe.

"A wandonka da 'yan asibiti suka ba ni na ga makullin," in ji matar, tana jan kujera. "Na ce yau ko za ka tsine mini sai na shiga. Baban yara, ashe haka suke? Ashe haka suke da kyau muna gida ɗaya ban sani ba? Sai da na zauna a kujerarka na rasa abin cewa." Ta share ido da bakin mayafi. "Na ga wannan shi kujerar ke fuskanta, na ce shi ne na gaban goshi. Ka jiƙa shi ka manta, Allah sarki, ruwan har ya fara dafewa a gefe. Na tsamo shi na shanya a rana, sai da ya bushe ƙarau sannan na naɗo."

Tsintau ya buɗe baki. Abin da ya aika shi ne, mayar da shi ruwa, yanzu, yanzun nan. Abin da ya fito wani dogon kuka ne irin na ƙofa mai tsatsa. Hawaye suka zubo masa.

"Ya gane shi!" in ji ta, ta juya wurin mutumin gadon kusa. "Ka gani? Ya gane shi."

Mutumin gadon kusa tsohon direba ne da ya karye a ƙugu, ƙafarsa a rataye, bakinsa kuwa lafiya lau. Ya ɗago kai ya leƙa kwalin. "Kai, maƙwabci, ka more. Mu matanmu ayaba suke kawo mana, kai an kawo maka tsakuwa mai kwalliya. Mama, ɗora masa a taga ya sha haske mana."

Ta kuwa ɗora shi a taga, daidai inda rana ke faɗowa da hantsi.

Hannun hagu ne kaɗai ya rage wa Tsintau, sai ya sa shi aiki. Akwai jug na ruwa a kan lokar Direba. Ya nuna jug ɗin, ya nuna taga. Ya sake nuna jug, ya nuna taga. Matar ta miƙe da sauri ta tsiyayo ruwa a kofi, sai ga nas ta iso kamar an jefo ta.

"Mama! Kar ki kuskura! Maƙogwaronsa bai dawo ba. Kurɓi ɗaya ya isa ya wuce huhu, mu shiga uku. Duk haka suke yi, za ki ga suna roƙo kamar ransu zai fita. Ruwansa ta roba yake shiga. In leɓensa ya bushe ki jiƙa auduga ki shafa masa, shi ke nan."

Ta ɗauke kofin, ta tura jug ɗin ƙarƙashin gadon Direba inda ido ba zai kai ba.

Daga ranar abin ya zama musu azaba su biyu. Da safe matar za ta zo, ta goge masa jiki, ta juya shi, ta gyara wa dutsen zama a taga. Shi zai fara: hannu zuwa famfon da ke ƙarshen ɗaki, hannu zuwa taga. In mai goge ƙasa ta wuce da bokiti ya bi bokitin da yatsa. Har ledar ƙarin ruwan da ke rataye a kansa ya nuna. Ita kuwa sai ta kama hannun ta danne a ƙirjinta tana cewa, "Na sani, na sani. Yi haƙuri. Sun hana ni." Wani lokaci ta fita baranda, yana jiyo ta tana shessheƙa, mace ce da mijinta ke roƙon ruwa tana hana shi. In ta dawo ta ga yana kallon taga, sai ta ƙara matsar da dutsen cikin rana don ya fi ganinsa.

Ya yi fushi da ita, fushi mai tsanani, irin wanda bai taɓa yi ba yana da baki. Da yana iyawa da ya zage ta tas. Sai kuma fushin ya rasa wurin zama. Ina za ta sani? Wa ya gaya mata? Jimla ɗaya ce, ba ta fi a faɗe ta ana cin abinci ba: wancan na kwalba in ya bushe mutuwa yake yi. Shekara da shekaru yana da jimlar nan a baki kyauta, ya hana.

'Yarsu da ke aure nesa ta bugo waya ta ce a gwada ba shi takarda da biro. Aka ba shi. Haruffan ma ashe sun bi maganar, ya san akwai su amma ya rasa ta inda ake kama su. Sai ya yi ƙoƙarin zana kwalba. Hannun hagu ya yi wani karkataccen zobe ya zame.

"Ƙwai yake so," in ji Direba. "Wallahi ƙwai ne. Ni ma shi nake so."

Wata safiya ta jiƙa auduga za ta shafa masa a leɓe, ya fizge. Ya nuna dutsen da haɓa, ya yi ta gurnani har ta ɗauko ta ɗora masa a ƙirji. Ya kai audugar kan takubban ya matse. Ɗigo biyu suka sauka, dutsen ya shanye su nan take.

"Haba, Baban yara! Za ka ɓata shi. Ka san wahalar da na sha kafin ya bushe?" Ta karɓe audugar, ta sa bakin zanenta ta tsane wurin. Yawun da ke zuba daga gefen bakinsa ya ɗiga a kai, shi ma ta goge, ta mayar da dutsen taga.

Lalacewar dutsen ta fara daga tsini. Tsintau ne kaɗai ya gani, don shi ya san inda zai duba: kan takobi mafi tsawo ya dushe, kamar an taɓa shi da alli. Washegari farin ya sauko. Ruwan hodar nan da ya yi shekaru yana kallo ya riƙa ja da baya, ƙyallin ya mutu, siraran tsaga suka bi jikin kowane takobi a tsaye. Koren furen da ke tsakiya bai damu ba, shi ba ruwansa da iska, yana ta walƙiya abinsa. Tsintau yana kwance yana kallo daga safe har rana ta bar tagar, babu abin da zai iya sai kallo. Baƙin ciki ya hana shi ko motsa hannun. Likita ya zo zagaye ya ce jikin ya ja baya, a riƙa yi masa hira.

Ya kuma san wani abu da ko Mai Nakiya bai sani ba, don shi kaɗai ya taɓa gwadawa da ƙananan gutsattsari a ɗakinsa. Akwai iyakar da in dutsen ya wuce ta, ruwa ya daina zama magani. Wanda ya riga ya yi fari ya tsattsage, in ka mayar da shi ruwa zuƙa yake yi da haɗama, ya kumbura ta cikin tsagar, ya watse. Abin da ya rage a lokacin shi ne a ƙyale shi, kar a taɓa, kar a girgiza, a samu gam a tsinka shi sosai a riƙa ɗiga masa da gashin kaza, kaɗan yau kaɗan gobe. Launin ba zai dawo ba, amma siffar za ta tsaya, takubban a tsaye da koren furensu. Tsintau ya ga an wuce iyakar. Ya daina nuna famfo. Yanzu addu'arsa ɗaya ce, a bar dutsen inda yake har Allah ya buɗe masa baki ko ya kawo mai hankali.

"Kin ga ya saba," in ji nas. "Na gaya miki suna dainawa."

Matar ce ta lura da farin daga baya. "Ƙurar asibitin nan ba ta da kunya," ta ce, ta ɗauko hankici. Tsintau ya yi ƙara, ya buga ƙarfen gado, amma hannunta ya riga ya kai. Shafa ɗaya ta yi. Kan dogon takobin ya biyo hankicin, ya zube a dakalin taga, gari fari sol.

Ta tsaya. Ta dubi hankicin, ta dubi garin, ta taɓa shi da yatsa ta murza. Sannan ta juyo ta dubi mijinta, dogon kallo, kuma a karon farko tun da ta kawo kwalin ta ga cewa abin da ke fuskarsa ba murna ba ce. Ta ɗauki jakarta ta fita, mayafinta na jan ƙasa.

Ba ta dawo ba sai da rana ta karkata. Ta shigo tana haki, gumi ya jiƙa mata wuya, ƙafafunta sun yi fari fat da ƙurar ramin dutse, silifas ɗaya ya tsinke ta ɗaure da leda. A ƙirjinta kwalbar ce, cike da ruwa, ta rungume ta da hannu biyu, gaban rigarta duk ya jiƙe.

"Na je wurin Mai Nakiya," ta ce. "Har ramin na je, aka ce ya bar aiki, na bi shi gida. Ya ce mini, ke, kin kashe shi, maza mayar da shi ruwa! Baban yara, ashe ba kai ke jin ƙishi ba. Kana ta nuna mini, kana ta nuna mini, ni sakarya ina danne maka hannu." Kuka ya ƙwace mata, ta haɗiye. "Ya ce tafasasshe kake sawa. Na tafasa, na jira ya huce. Na yi daidai ko?"

Ta ajiye kwalbar a kan loka, ta kwance murfin.

Tsintau ya girgiza kai iya ƙarfin wuyansa. Ya ɗaga hannun hagu ya tare, ya kaɗa, ya yi gurnanin da ya sa marasa lafiya na ƙarshen ɗaki suka ɗago. Ya miƙa hannu zai ture kwalbar, yatsunsa suka tsaya taki guda kafin su kai.

"Na gane, na gane," in ji ta. "Ka yi fushi, kana da gaskiya. Ka bari in gyara, ka yi fushin daga baya."

"Mama," in ji Direba a hankali, "anya ba cewa yake yi a'a ba?"

"Ni na san mijina," ta ce. "Yau dai na san abin da yake so."

Ta ɗauko dutsen daga taga da hannu biyu, da ladabi, ta yi bisimilla, ta zura shi cikin ruwan har ya zauna a gindin kwalbar.

Da farko kamar abin zai yi. Launin hoda ya ɗan taso a jikin takubban, sai da ta ce, "Ka gani!" Sannan ƙananan kumfa suka fara fita daga tsagar, layi-layi, da wata 'yar ƙara siririya. Takobi ɗaya ya jingina da na kusa da shi. Na kusan ya buɗe a tsaye kamar an tsaga rake. Farin hayaƙi ya tashi a cikin ruwan ya murɗa, ya cika kwalbar, kamar an zuba gari. Aka ji ƙas, koren furen ya rasa abin da ke riƙe da shi ya faɗa gindin gilashi. Bayan nan ba a ganin komai sai fari.

Tsintau ya saki hannunsa ya faɗi a kan bargo. Ya ji wani abu ya fita daga ƙirjinsa wanda ya san ba zai dawo ba.

Matar ta durƙusa har fuskarta ta zo daidai da kwalbar. Ta ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ta jira. Ta juyo gare shi, idanunta jajur.

"Dattin ne ke fita ko? In ya kwanta zai dawo yadda yake?" Ta kama hannunsa mai rai. "Baban yara, zai dawo ko?"

Ya dube ta. Ya dubi rigar da ta jiƙe, da silifas ɗin da aka ɗaure da leda. Kai kaɗai ya rage masa da zai amsa da shi, sama da ƙasa ko gefe da gefe, kuma bai taɓa yi wa kowa ƙarya a kan dutse ba.

Ya gyaɗa mata kai.

"Alhamdulillahi," ta ce, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ta mayar da murfin ta ɗaure tam, ta ja kujera kusa da gadon, ta ɗora kwalbar a cinyarta ta riƙe da hannu biyu don kar ta girgiza. "To ba inda za ni. Ina nan har ya kwanta, mu gan shi tare."

Direba ya juya fuskarsa bango. Mai goge ƙasa ta zo ta share garin da ke dakalin taga ta wuce. Matar ta zuba wa kwalbar ido tana jira, garin yana sauka a hankali, ruwan ya fara washewa daga sama.